Fitilar Ankara: hasumiyar da goronmu ya bi ta ƙarƙashinta

Duk wanda ya tashi a Gidan Sori ko wani ƙauye na ƙasar Gidan Rumji ya san yadda ake gane hanya da dare: ga kukar bakin gari, ga taurari a sama, ga hasken fitilar mai shayi daga nesa. Teku kuwa ta yi mana nisan ɗaruruwan kilomita, da yawanmu a waya kawai muka gan ta. Duk da haka, akwai wata hasumiya a bakin teku a ƙasar Gana wadda tarihinta ya haɗu da na goron da ake rabawa a ɗaurin aurenmu da raɗin sunanmu. Tana unguwar Jamestown, a birnin Accra, wanda fatakenmu ke kira Ankara tun kaka da kakanni.

Unguwar ta samo sunanta daga gidan ganuwa na James Fort, wanda Turawan Ingila suka gina a 1673. Kusa da shi akwai na ƴan Holan da aka gina a 1649, wanda yau ake kira Ussher Fort. Zinariya da bayi ne suka kawo Turawa wannan gaɓa, kuma cikin waɗanda aka tsare a irin waɗannan kurkuku kafin a loda su a jirgi har da mutanen da aka kamo daga arewa. Wannan tabo ne da bai kamata mai ziyara ya manta da shi ba.

A wancan zamani, gaɓar Ankara ba ta da mafakar jirgi. Igiyar ruwa na dukan duwatsu dare da rana, don haka manyan jirage kan yada zango can cikin ruwa, masu kwale-kwale na kabilar Ga da maƙwabtansu su yi ta kai da kawowa da kaya da fasinja. Matuƙin da ya iso da dare bai san inda yake ba yana iya rasa jirgi da rayuka. Shi ya sa Turawan Ingila suka kafa fitilar farko a nan a 1871. Shekara shida bayan haka, a 1877, aka ɗauke hedikwatar mulki daga Cape Coast aka dawo da ita Ankara, zirga-zirgar jirage ta ƙaru. Hasumiyar da ke tsaye yanzu an gina ta ne a farkon shekarun 1930, ta gaji ta farkon.

Tsawonta mita 28 ne. Wanda ya taɓa tsayawa gindin hasumiyar babban masallacin Agadas, mai mita 27, ya riga ya san yadda wuya ke ƙagewa wajen kallonta. Ta Agadas ta laka ce da itace, mai kusurwa huɗu. Ta Ankara zagayayya ce, mai faɗi a gindi, tana tsukewa sama, kuma kowane sashe na ƙirarta da dalilinsa. Zagayen yana sa iskar teku ta zame ta wuce. Tsawon kuwa saboda duniya a dunƙule take: fitilar da ke ƙasa takan ɓuya bayan doron ruwa tun jirgi bai yi nisa ba, wadda aka ɗaga sama kuwa ana hango ta daga kusan kilomita 30. Fentin ja da fari aikin rana yake yi, don matuƙi ya bambanta ta da sauran gine-ginen gari. A ƙololuwa akwai ɗakin gilashi inda fitilar take, da baranda kewaye da shi, a ƙasa kuma gidan mai tsaro.

Da dare, kowace hasumiya irin wannan tana da nata salon walƙiya: sau nawa take haskawa, daƙiƙa nawa take ɗaukewa. An rubuta wannan a littattafan matuƙa, ta yadda mutum zai ƙirga walƙiyar ya san gaɓar da yake fuskanta, kamar yadda makiyayi ke gane garkensa da shaidar da ke jikin saniya. Abin da ya ba irin waɗannan fitilu ƙarfi shi ne gilashin da wani Bafaranshe, Augustin Fresnel, ya ƙirƙiro, aka fara aiki da shi a 1823: zobba-zobban gilashi da ke tattara hasken ƙaramar fitila su harba shi waje guda.

To ina Bahaushe ya shigo? Tun da daɗewa ayarin fatake ke tashi daga Kano da Katsina da Gobir zuwa Gwanja, su kai fata da kanwa, su ɗoro goro daga kasuwar Salaga a kan jakuna, tafiyar watanni. Bayan Turawa sun ci Kumasi a 1874, sannan yaƙin basasa ya wargaza Salaga a 1892, sai ƴan kasuwa suka gangara kudu. A yaƙin na 1874 ma akwai sojojin Hausawa da wani Bature, Kyaftin Glover, ya tara. Zangon Hausawa ya kafu a Ankara, daga baya Malam Bako ya kafa Sabon Zango wajen shekarar 1910. Daga nan goro ya koma bin ruwa: a ɗaure shi huhu-huhu, a sa a kwale-kwale, a kai jirgi, jirgi ya sauke a Legas. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, sai hanyar ta cika: Ankara, Legas, Kano, sannan jakuna da raƙuma su ƙarasa da shi Katsina da Maraɗi da kasuwannin ƙauye. Jirgin da ya kwana a gaban Ankara yana jiran lodin goro, wannan fitila ce ke gaya masa inda ƙasa take.

Buɗe tashar jiragen ruwa ta Takoradi a 1928, sannan ta Tema a 1962, ya janye manyan jirage daga Jamestown. Unguwar ta koma hannun masunta, kuɗi suka bi wata hanya, gine-gine suka tsufa. James Fort kuwa tuni ya zama gidan yari. A ciki aka tsare Kwame Nkrumah har zuwa Fabrairun 1951, lokacin da ya fito ya karɓi ragamar gwamnati. Sai a 2008 aka daina tsare mutane a wurin.

Mai ziyara a yau yakan hau matakala mai murɗawa a cikin hasumiyar, numfashi na sama-sama, har ya fito baranda iska ta mare shi. Ta kudu ruwa ne iya ganin ido. A ƙasa ga ɗaruruwan kwale-kwale masu zane kala-kala, ga hayaƙin mata masu banda kifi, ga James Fort da Ussher Fort a jere. Can ciki ga Bukom, unguwar ƴan dambe da ta haifar da Azumah Nelson. A da, wanda ya zo a watan Agusta yakan tarar da bikin zane-zane na Chale Wote ya cika titunan.

Mu mutanen Nijar mun san zafin rasa alamar hanya. Itaciyar Tenere, wadda ayarin gishirin Bilma ya daɗe yana dogaro da ita, mota ce ta kayar da ita a 1973. Yau gangar jikinta na gidan tarihi na Yamai. Ita kuwa hasumiyar Ankara tana nan tsaye. Ƴan kasuwarmu da ƴan cin rani suna sauka unguwannin Nima da Sabon Zango kullum, su sayar da albasa da dabbobi, su juyo ba su taka Jamestown ba, alhali tafiya ce ta ɗan lokaci a motar haya. Wanda Allah Ya kai shi, ya ware yamma ɗaya ya hau, ya kalli ruwan da goron auren kakarsa ya ratsa kafin ya iso gida.