Daga Baro Zuwa Apapa: Tarihin Hanyar Kayanmu

Jama'a, duk wanda ya dubi taswira zai ce ina ruwan Minna da teku, tun da yake tsakaninmu da Ikko tafiyar yini guda ce a mota, in hanya ta yi kyau ke nan. Amma in aka bi salsala za a tarar neman hanyar kai kaya bakin teku ne ya mai da Minna gari, shi ne kuma ya jawo da yawa daga cikin kakanninmu Hausawa da muke zaune a Sabon Gari yau. Kafin zuwan dogo, Minna ƙaramin garin Gwarawa ne a bisa dutse.

A wancan zamani Arewa da Kudu kowa da gwamnatinsa, sai a 1914 aka haɗe su. Turawan Ikko sun fara shimfiɗa dogonsu tun 1896, ya kai Badun a 1901, burinsu kuwa su miƙe da shi har Kano don kayan Arewa su riƙa fita ta wajensu. Su kuma Turawan Zungeru, wadda ita ce hedkwatar Arewa a lokacin, ba su so su zama 'yan rakiya. Suka ce ai ga kogin Kwara nan, a kafa dogo daga Baro a bakin ruwa, a ɗauki kaya a jirgin kogi zuwa Burutu, can manyan jirage su kwashe zuwa Ingila. A 1907 gwamnatin Ingila ta yarda wa kowa da nasa. Gwamna Girouard, wanda dama injiniyan dogo ne da ya yi irin wannan aiki a Sudan, shi ya tsaya a kan na Baro. Ƙarafan dogon da kawunan jirgi duk ta ruwa aka hauro da su. Haƙa da ɗaukar ƙasa kuwa talakawa ne suka yi, Nufawa da Gwarawa da sauransu, yawanci ma aikin tilas ne da aka ɗora wa garuruwa ta hannun sarakuna. Dogon ya isa Kano a 1911, tsawonsa mil 356. A 1912 na Ikko ya biyo ta Jebba da Zungeru ya same shi a nan Minna. Inda hanya biyu ta haɗu kuwa, ba a rasa lebura da mai tuwo da mahauci da mai koli, to ka ji mafarin zamanmu.

Daga nan buhun da ya taso daga Kano, in ya iso Minna yana da ƙofa biyu. Ta Baro ita ce kusa, mil 111 kacal, alhali Ikko ta haura mil 400. Sai dai kogi ba kullum yake da ruwa ba. Jirage masu nauyi ba su iya hawowa sai ƙarshen damina in Kwara ta cika, watanni kaɗan a shekara, ita kuwa gyaɗa da kaka ake sayenta, wato daidai lokacin da ruwa ya fara ja baya. Ga kuma yawan sauke-ɗora, daga tarago zuwa jirgin kogi, daga jirgin kogi zuwa na teku, kowane da kuɗin dakonsa da ɓarnarsa.

Ita ma Ikko ba lafiya lau take ba da farko. Yashi ya tare bakin shigarta, manyan jirage ba su iya ƙarasowa kwata, sai su sauke wa ƙanana kaya a waje ko a Forkados. A Jebba kuma fiton taragu ake yi a kan ruwa. Amma waɗannan cututtuka ne masu magani. Aka jera katangun duwatsu cikin teku har babban jirgi ya samu shiga a 1914, aka gama gadar Jebba a 1916, aka kammala kwatar Apapa ta farko a 1926. Rani kuwa ba wanda ya iya masa magani. Shi ke nan Ikko ta zama mowa, Baro ta zama bora, ko da yake kamfani ya ci gaba da bi da wani kaso na gyaɗa ta can har cikin shekarun 1960.

Abin ban dariya, Turawa don auduga suka yi wannan wahala, su ciyar da masaƙun Ingila. Sai manomin Kano ya yi lissafinsa, ya ga gyaɗa ta fi tsoka, in ciniki ya ƙi ma a ci a gida. Gyaɗar da aka fitar a 1912 ba ta kai tan 3,000 ba, a 1913 ta haura tan 19,000, har taragu suka kasa. Waɗanda suka shiga ƙauyuka suka tattaro ta kuwa fataken goro ne, irin su Agalawa da Tokarawa. Alhaji Alhassan Ɗantata, Allah ya jiƙansa, tun kafin ya shiga gyaɗa ya san jirgin ruwa, don yana cikin Hausawan farko da suka riƙa ɗora huhunan goro daga Ankara ta Gwalkwas zuwa Ikko ta teku maimakon doguwar tafiyar ayari zuwa Gwanja.

To amma a lura da wani abu. Duk hazaƙar nan, iyakar Bahaushe bakin sikeli. Sito a Apapa na kamfani ne, jirgi na Elder Dempster ne da 'yan'uwansa, su suke yanka kuɗin dako zuwa Libaful. Da aka kafa hukumar sayen gyaɗa a 1949 sai ita ta karɓe fitarwa, mu muka zama 'yan kamasho. Kamfanin jiragen ruwa na ƙasa da aka kafa a 1959 don a rage wannan gori, a 1995 aka rufe shi.

Cikin shekarun 1970 sai ruwa ya juya. Fari da cutar gyaɗa suka rushe dala, kuɗin man fetur suka shigo, Apapa ta koma ƙofar shigo da kaya. A 1975 gwamnati ta yi odar siminti wajen tan miliyan 20, miliyan 16 a ciki na ma'aikatar tsaro ne, alhali tashar ba ta iya sauke fiye da kimanin tan miliyan ɗaya a shekara. Jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko a bakin Ikko, ana biyansu kuɗin jira, simintin wasu yana daskarewa a ciki. Wannan cunkoso ne ya sa aka gina tashar Tin Can cikin gaggawa, aka buɗe ta a 1977. Ana cikin haka reluwe tana ta sukurkucewa, reshen Minna zuwa Baro ya mutu, ciyawa ta cinye shi, kaya suka koma bayan tirela.

Yau in ɗayanmu ya sayo kaya daga Sin ko Dubai, kwantena ta iso Ikko, zai biya kwastan, ya biya ejan, ya biya kuɗin kwana in takardu sun yi jinkiri, sannan ya nemi tirelar da za ta bi ta Jebba da Mokwa da Bida. Duk wannan a kan mai saye a kasuwar Minna yake ƙarewa. Haka nan mai kaɗanya ko riɗi da yake son fitarwa, ribarsa a hanya take zubewa.

An yi yunƙurin tayar da Baro. Marigayi Shugaba 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yashe kogi daga Warri zuwa Baro a 2009, Shugaba Buhari kuma ya buɗe sabuwar tasha a can cikin Janairun 2019, aka yi shekaru ba a ga jiragen kaya suna kai da komo ba. Kaduna ta samu tashar tudu a 2018, Kano ta samu ta Dala a 2023, inda ɗan kasuwa zai karɓi kwantenarsa kusa da gida. A ganinmu, in wakilanmu na majalisa suka zo neman ƙuri'a, kada a tsaya kan ginin tashar, an riga an gina. A tambaye su hanyar mota daga Agaie ta Katcha zuwa Baro, da mil 111 na dogon nan, da kuma wata nawa a shekara jirgi mai kaya zai iya isowa Baro, don abin da ya kayar da ita tun zamanin Girouard ke nan.