Kiɗan Makoki na Mutum Uku a Rasha

Kiɗan makoki na mutum uku al'ada ce ta masu tsara kiɗa a Rasha, inda ake haɗa piyano da gogen Turawa ƙarami da babba domin juyayin aminin da ya rasu. Caikofski ne ya kafa ta. A 1880 ya rubuta wa Nadezhda fon Mek, mai ɗaukar nauyinsa, cewa kunnensa ba ya jure haɗin waɗannan kayan kiɗa uku. Amma da Nikolai Rubinstain, wanda ya kafa makarantar kiɗa ta Mosko, ya rasu a Faris a 1881, wannan haɗin Caikofski ya zaɓa domin juyayinsa, ya kammala aikin a Roma a 1882. Dalilin a fili yake: mamacin gwanin piyano ne, shi ya sa aka ɗora wa piyano nauyi mafi girma. Da Caikofski ya rasu a 1893, Rahmaninof, yana ɗan shekara 20, ya yi masa irinsa.

Wasu za su ce kwaikwayo ne kawai, ba baƙin ciki ba. Aikin Shostakobic na 1944, na juyayin amininsa Iban Sollartinski, ya rushe wannan zargi. Ya riƙe tsarin magabata, amma ya buɗe da babban goge yana fitar da siririyar murya can sama, ya rufe da amon rawar Yahudawa mai ɗaci, a lokacin da labarin sansanonin kisan 'yan Nazi ke isowa Tarayyar Sobiyet. Mai kwaikwayo ba zai iya faɗaɗa rashin mutum ɗaya ya zama makokin al'umma haka ba.