Tarihin Yadda Shafukan Intanet Suka Daina Sa Mu Jira

Waɗanda suka yi zamanin kafe-kafen intanet a Bosso da Tunga, musamman lokacin duba sakamakon NECO da katin kankarewa, sun san wahalar. Ka danna wuri ɗaya, allo ya yi fari fat, kuɗin awarka na tafiya. Dalili shi ne tun da Tim Berners-Lee ya tsara yanar gizo a cibiyar CERN a 1989, kowane adireshi cikakken shafi ne, sai an sake ɗauko shi baki ɗaya daga kwamfutar da ke ajiye da shi.

Gmail ya nuna wata hanya a 2004: ka buɗe wasiƙa, ɓangaren da ya canza kaɗai ake ɗaukowa. A 2010 Google ya fito da AngularJS, a 2013 Facebook ya saki React, inda ake harhaɗa shafi gunduwa-gunduwa kamar jera bulo. Daga nan aikin zaɓar abin da za a nuna ya dawo cikin wayarka. Ita ke karanta adireshin, ta sauya gunduwar da ta dace.

Amma sauyin bai zo salin-alin ba. Da farko maɓallin komawa baya kan rikice, kuma adireshin da ka tura wa ɗan uwa ba lallai ya kai shi inda kake ba. Twitter ya yi dabarar saka alamar #! cikin adireshinsa a 2010, a 2012 ya watsar da ita, saboda sai waya ta gama sauke tulin manhaja kafin mutum ya ga saƙo ko ɗaya. Abin da ya daidaita lamarin shi ne damar da HTML5 ya kawo ta canza adireshi ba tare da sake loda shafi ba.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin yawancinmu da ƙaramar waya muke shiga, da datar da ake lallaɓawa. Shi ya sa idan yaranmu na FUT Minna suka yi tayin gina wa ƙungiya shafi, tambaya biyu muke yi musu: nawa buɗewar farko za ta ci na data, kuma in an tura sanarwar taro a WhatsApp, kan sanarwar za ta buɗe ko shafin farko za ta jefa mutum?