Kofi Ko Matsayi a Teburi: Asalin Gardamar da Ta Raba Kan Magoya Bayan Ƙwallon Ingila

Duk shekara, da zarar watan Janairu ya kama, manyan ƙungiyoyin Ingila suka shiga zagaye na uku na kofin FA, sai wata tsohuwar gardama ta taso. Koci zai ajiye rabin zaratan 'yan wasansa a benci don ya tanade su wa wasan Firimiya mai zuwa, magoya baya kuwa su rabu biyu. Wasu su ce ya yi dabara, domin gurbin gasar Zakarun Turai ya fi komai. Wasu su ce ya ci amanarsu, domin ba a yin fareti da matsayi na huɗu. Ana wannan musu a Landan da Liverpool, ana kuma yin sa a gidajen kallon ƙwallo na Kano da Kaduna da Maraɗi. Tushensa ya kai shekara ɗari da talatin da ɗoriya, tun lokacin da aka samu gasa biyu a ƙasa ɗaya, kowace da dalilinta.

Kofin ne babba a shekaru. A 1871 sakataren hukumar ƙwallon Ingila ta FA, Charles Alcock, ya kawo shawarar a yi gasar sili-ɗaya-ƙwale irin wadda ya saba gani a makarantar Harrow. Ƙungiyoyi 15 suka shiga. Ranar 16 ga Maris, 1872, a filin Kennington Oval, Wanderers ta doke Royal Engineers da ci ɗaya mai ban haushi, a gaban 'yan kallo kamar 2,000. Masu taka leda a lokacin 'ya'yan masu hali ne da hafsoshin soja, ba wanda ake biya. Abin da suke nema suna ne kawai.

Cikin shekara goma wasan ya bazu zuwa garuruwan masaƙu na arewacin Ingila, inda ma'aikata suka rungume shi. A 1883 Blackburn Olympic, ƙungiyar masu sana'ar hannu, ta ƙwace kofin daga hannun Old Etonians. A 1885 hukuma ta halatta biyan 'yan wasa albashi. Nan matsala ta kunno kai. Ƙungiyar da ke biyan albashi duk mako tana buƙatar kuɗin ƙofa duk mako, shi kuwa kofi ba ya ba da wannan tabbaci, tun da ana iya fitar da kai a zagayen farko. Abin da ya rage shi ne wasannin sada zumunta, su ma sau da yawa akan soke su idan abokin karawa ya samu wasan kofi ko wani tayi mai tsoka.

William McGregor, wani mai sayar da yadi a Birmingham kuma jigo a Aston Villa, shi ya samo mafita. A Maris 1888 ya rubuta wa wasu ƙungiyoyi takarda yana ba da shawarar a tsara wasanni gida da waje a kowace kaka. A watan Satumba na shekarar aka fara gasar lig da ƙungiyoyi 12. Wato tun daga haihuwa, kofi na neman girma ne, lig kuwa na neman abin biyan albashi. Preston North End ta lashe duka biyun a kakar farko, ba a doke ta a lig ba, ba a kuma zura mata ƙwallo ko ɗaya a kofi ba. Aston Villa ta maimaita a 1897. Daga nan sai da aka jira har 1961 kafin Tottenham ta sake haɗa su, abin da ya sa mutane suka daɗe suna ganin taura biyu ba ta taunuwa.

Wani abu da ya shigo a wannan tsakani shi ne tsoron faɗuwa. An kafa rukuni na biyu a 1892, kuma daga 1898 aka fara sauke ƙungiyoyin ƙasan teburi kai tsaye. Daga lokacin ne matsayi a teburi ya zama abin damuwa har ga ƙungiyar da ba ta mafarkin zama zakara.

Duk da haka, kusan shekara ɗari kofin FA ne ke da kwarjini a idon jama'a. A 1901 sama da mutum 110,000 suka kalli wasan ƙarshe tsakanin Tottenham da Sheffield United, alhali Tottenham, wadda ta ɗauki kofin bayan an sake wasan, ba ta ma shiga gasar lig ba tukuna. A 1923 aka mayar da wasan ƙarshe sabon filin Wembley. Hukuma ta ƙidaya mutum 126,047, amma waɗanda suka kutsa ciki sun ɗara haka nesa ba kusa ba, har suka cika filin wasan kansa, sai da 'yan sandan doki suka tura su baya kafin Bolton da West Ham su fara. Yawanci sarki ko wani ɗan gidan sarauta ne ke miƙa kofin. Talabijin ta ƙara masa armashi: tun a 1938 BBC ta nuna wasan ƙarshe kai tsaye, alhali wasannin lig ba a fara nuna su kai tsaye a kai a kai ba sai 1983. Ga miliyoyin mutane a wancan lokaci, wasan ƙarshe na kofin FA shi ne kusan wasan ƙungiyoyi ɗaya tilo da suke gani daga farko har ƙarshe a shekara.

A ɓangaren kuɗi ma, ba wani bambanci mai yawa tsakanin gamawa na biyar da gamawa na goma sha biyu. Har zuwa 1961 akwai iyakar albashi, ba ɗan wasan da ke karɓar fiye da fam 20 a mako. Har zuwa 1983 ƙungiyar da ta zo baƙunta tana samun kaso daga kuɗin ƙofa. Gasar Turai da aka fara a 1955 ta zakarun lig ce kaɗai, kuma daga 1960 mai kofin FA ya samu tasa gasar ta Turai, wadda ake haɗa masu kofunan ƙasashe. Saboda haka ƙungiyar da ta ga ba za ta lashe lig ba, kuma ba ta cikin haɗarin faɗuwa, ba ta da dalilin yin rowar ƙarfinta a kofi.

Shekarar 1992 ce ta juya lissafin. Ƙungiyoyi 22 na rukunin farko suka ɓalle suka kafa gasar Firimiya, suka sayar da haƙƙin nuna wasanninsu a kan fam miliyan 304 na shekara biyar, akasarin kuɗin daga tashar BSkyB. Tsarin rabon kuɗin cikin gida shi ne abin lura: rabi a raba daidai, kashi ɗaya cikin huɗu bisa yawan wasannin da aka nuna, sauran kashi ɗaya cikin huɗu bisa matsayin da ƙungiya ta gama. A karo na farko kowane mataki a teburi ya samu farashi. Faɗuwa kuwa ta tashi daga abin kunya ta koma abin da ke iya karya ƙungiya.

A shekarar dai hukumar UEFA ta sauya fasalin gasarta zuwa gasar Zakarun Turai mai rukuni-rukuni. A 1997 aka buɗe ƙofa ga waɗanda suka zo na biyu a manyan ƙasashe. Ingila ta samu gurbi uku a 1999, sannan huɗu a 2002. A 1999 aka rushe gasar masu kofuna, aka tura mai kofin FA ƙaramar gasar UEFA. Cikin 'yan shekaru, na huɗu a teburi ya zama yana karawa da Real Madrid da Bayern Munich, mai kofi kuwa ya koma aji na biyu.

Masu horarwa ba su ɓata lokaci ba. A Satumba 1994 kocin Manchester United, Alex Ferguson, ya zuba matasa a wasan kofin League, ɗaya kofin na cikin gida, da Port Vale, aka yi ta suka cewa ya raina gasar, ko da yake wani yaro mai suna Paul Scholes ya ci biyu a daren. Babban bugu ya zo a kakar 1999 zuwa 2000, lokacin da Manchester United, mai riƙe da kofin FA, ta janye daga gasar gaba ɗaya don ta je Brazil gasar ƙungiyoyin duniya. Hukumar FA da kanta ta ƙarfafa mata guiwa, don tana neman a ba Ingila ɗaukar nauyin gasar cin kofin duniya ta 2006. Ƙarshenta United ta fita a zagayen rukuni, Jamus kuma ta samu gasar.

Wanda ya fito fili ya faɗi abin da masu ƙungiyoyi ke rayawa shi ne kocin Arsenal, Arsène Wenger. A taron shekara-shekara na masu hannun jarin Arsenal a Oktoba 2012, ya jera nasarori biyar bisa daraja: lashe Firimiya, lashe gasar Zakarun Turai, samun gurbin shiga gasar Zakarun, sannan kofin FA, sannan kofin League. Hujjarsa ita ce babban ɗan wasa ba ya tambaya ko ka ci kofin League, yana tambaya ne ko kana buga gasar Zakarun. Arsenal na biyan bashin sabon filinta na Emirates a lokacin, kuma rabonta da kofi tun 2005. Abokan hamayya suka mayar da maganar abin zolaya. Abin mamaki, kofin FA ne ya kawo ƙarshen ƙishirwar a 2014, kuma Wenger ya bar aiki da guda bakwai, fiye da kowane koci a tarihin gasar.

Masu fifita teburi suna da misalan da suke kafa hujja da su, kuma 'yan Najeriya na cikin labarin. Nwankwo Kanu ne ya ci wa Portsmouth ƙwallon da ta ba ta kofin FA a 2008. Bayan shekara biyu bashi ya durƙusar da ita, ta faɗi daga Firimiya. Obafemi Martins ne ya ci ƙwallon da Birmingham City ta doke Arsenal 2-1 a wasan ƙarshe na kofin League a 2011. Bayan wata uku ita ma ta faɗi. Mafi shahara shi ne na Wigan Athletic. Ranar 11 ga Mayu, 2013, Ben Watson ya ci Manchester City da ka a mintin ƙarshe, Wigan ta ɗauki kofin FA na farko a tarihinta. Bayan kwana uku Arsenal ta lallasa ta 4-1, ta zama ƙungiya ta farko da ta ci kofin kuma ta faɗi a kaka ɗaya. Har zuwa 2025 babu ɗaya cikin ukun da ta dawo Firimiya.

Alƙaluma ma suna bayan wannan ɓangare. A 'yan shekarun nan ladan cin wasan ƙarshe na kofin FA kamar fam miliyan 2 ne, alhali mataki ɗaya a teburin Firimiya ya ɗara haka, kuma ko wadda ta zo ta ƙarshe tana tafiya da sama da fam miliyan 100. Yarjejeniyar talabijin ta cikin gida da ta fara aiki a 2025 ta kai fam biliyan 6.7 na shekara huɗu. Shi ya sa kofi ya daina ceton koci. Louis van Gaal ya ci wa Manchester United kofin FA a 2016, aka sallame shi bayan kwana biyu saboda ya gama na biyar. Antonio Conte ya ci wa Chelsea a 2018, shi ma na biyar, shi ma aka sallame shi. Ita kanta gasar an yi ta rage ta don a sama wa manya hutu: daga kakar 2024 zuwa 2025 an soke maimaita wasa idan an yi canjaras tun daga zagayen farko, abin da ƙananan ƙungiyoyi suka yi tir da shi, domin maimaicin wasa da babbar ƙungiya kan ɗauki nauyinsu na tsawon lokaci.

Sai dai shekarar 2025 ta nuna cewa abin da masu ƙungiya ke lissafawa daban ne da abin da magoya baya ke ji. A watan Maris Newcastle ta doke Liverpool 2-1 ta ɗauki kofin League, babban kofin cikin gida na farko da ta ci tun 1955, garin ya fito ƙwansa da kwarkwatarsa. A watan Mayu Crystal Palace ta ci Manchester City 1-0 da ƙwallon Eberechi Eze, babban kofi na farko a tarihinta. Bayan 'yan kwanaki Tottenham ta doke Manchester United a Bilbao ta ɗauki kofin Europa, wato ƙaramar gasar UEFA, kofinta na farko tun 2008, alhali ta sha kashi sau 22 a lig ta gama ta 17. Tun 2015 mai kofin Europa ke samun gurbin gasar Zakarun, don haka kocin Tottenham, Ange Postecoglou, ya kawo kofi da gurbi a tare. Bayan kwana 16 aka sallame shi, hukumar ƙungiyar ta ce ba za ta yanke shawara bisa murnar dare ɗaya ba.

Wannan ne ya sa gardamar ba ta ƙarewa: ɓangarorin biyu ba abu ɗaya suke aunawa ba. Mai ƙungiya yana duba albashin baɗi da bashin banki, kuma wasanni 38 sun fi gaya masa gaskiyar ƙarfin ƙungiyarsa fiye da wasanni shida na kofi da sa'a ke iya shiga ciki. Mai goyon baya ba ya samun ko sisi daga kuɗin talabijin, abin da ke zama rabonsa shi ne ranar da zai ba jikokinsa labari. Amsar kuma tana sauyawa gwargwadon inda ƙungiya take. Wadda ke da 'yan wasa masu yawa tana iya bin duka biyun, kamar yadda Manchester City ta haɗa lig da kofin FA da kofin Turai a 2023. Wadda ke bakin faɗuwa dole ta fara ceton kanta. Inda musun yake da ma'ana sosai shi ne tsakiyar teburi. Daga 1996 zuwa 2025, ƙungiyoyi shida ne kawai suka lashe Firimiya: Manchester United, Arsenal, Chelsea, Manchester City, Leicester da Liverpool. Ga sauran, kofi ne kaɗai ƙofar da ta rage a buɗe, kuma koci da ya rufe ta da hannunsa don ya gama na tara maimakon na goma sha ɗaya ya sayar da abin da magoya bayansa ke zuwa fili dominsa a kan 'yan miliyoyin da ba za su taɓa gani ba.