Daga Majina zuwa Ɗakin Bincike: Yadda Aka Fara Neman Yaudarar Ƙwayar Mura

A shekarar 1941, a Cibiyar Rockefeller da ke New York, George Hirst yana renon ƙwayar cutar mura cikin ƙwan kaza mai ɗan tsako. Sai ya lura cewa duk lokacin da jini ya haɗu da ruwan da ƙwayar ke ciki, jajayen ƙwayoyin jinin sukan dunƙule kamar an zuba musu ƙaro. Abin da ya biyo baya ya fi ban mamaki. Idan an bar su a wuri mai ɗumi, ƙwayar takan saki jinin, kuma daga nan ko sabuwa aka kawo ba ta iya manne masa. Ke nan akwai wani mariƙi a jikin ƙwayar jini da take kamawa, kuma ita da kanta take datse shi.

Farautar wannan mariƙi ta koma birnin Melbon na Ostireliya, wurin Macfarlane Burnet da abokan aikinsa, waɗanda suka ga cewa yauƙi irin na majina yana hana dunƙulewar. Alfred Gottschalk, Bajamushen da ya gudo daga mulkin Nazi, shi ya warware ƙullin a shekarun 1950: mariƙin wani nau'in sukari ne mai suna sayalik asid, wanda Gunnar Blix ya riga ya tace daga yauƙin miyan shanu a Suwidin tun 1936.

Wannan gaɓa ce ta fi taɓa ni a labarin. Majinar da muke ƙyama cike take da wannan sukari. Ƙwayar mura ta shigo hanci tana laluben ƙofa, sai ta damƙi majina bisa zaton ta isa, a fyace ta waje. Jiki ya daɗe yana wannan dabara kafin wani masani ya yi tunaninta. Tambayar da ta rage ita ce ko za a iya ƙera mariƙin bogi da ya fi na majina riƙo.

A 1981 Ian Wilson da John Skehel da Don Wiley suka fitar da siffar ƙayar da ƙwayar ke kamu da ita, wato himaglutinin, a 1988 kuma aka gan ta riƙe da sukarin cikin ɗan gurbinta. A tsakani, a 1983, Rogers da Paulson suka nuna cewa murar tsuntsaye da ta mutane ba irin ɗaurin sukari ɗaya suke so ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa murar da ta afka wa gonakin kaji a Kaduna a 2006 ba ta bazu tsakanin jama'a ba.

Da aka ga gurbin, an ɗauka aiki ya zo ƙarshe. Ina! Riƙon ƙaya ɗaya ga sukari ɗaya sako-sako ne ƙwarai. Ƙarfin ƙwayar irin na ƙarangiya ne: tsini guda ba ya riƙe wando, amma ɗaruruwa tare sai an zauna cira. Saboda haka mariƙin bogi tilo bai tsinana komai ba. Wajen 1990 Matrosovich da Bovin a Mosko, sannan George Whitesides a Harvard, suka jera sukarin da yawa a kan dogon zaren sinadari kamar carbi. Ƙarfin hanawa ya ninka sau dubbai, domin zaren yana kama ƙayoyi da yawa lokaci guda, yana kuma nannaɗe ƙwayar. Sai dai zaren ba abin da za a saka wa huhun mutum ba ne.

Magungunan da suka iso kanti ta wata hanya suka biyo. Zanamivir da oseltamivir, waɗanda aka amince da su a 1999, su ma kwaikwayon sukarin ne, amma almakashin da ƙwayar ke datse mariƙin da shi suke toshewa, don kada 'ya'yanta su yanke su fita. Ƙofar shiga tana nan a buɗe.

Masu neman rufe ta ba su saduda ba. A 2020 masana a Balin suka ɗauki ɓawon wata ƙwayar da ke kama bakteriya kawai, suka dasa masa sukarin daidai da tazarar da ke tsakanin gurabu uku na kowace ƙaya. Ya hana mura yaɗuwa a tsokar huhun ɗan Adam cikin ɗakin bincike, ya kuma yi aiki a jikin ɓeraye.