Tarihin Taswirar Ƴan Sa-kai: Zuba Bayanai da Laƙaba wa Wurare Alama

A shekarar 2004 wani Bature ɗan Ingila mai suna Steve Coast ya ƙirƙiro OpenStreetMap, wato taswirar duniya da kowa ke iya gyarawa ta intanet, kowa kuma ke iya amfani da ita kyauta. Abin da ya tunzura shi shi ne, hukumar taswira ta Birtaniya, Ordnance Survey, tana tattara bayanai da dukiyar al'umma, amma mai bukatarsu sai ya biya, kuma ba shi da ikon yaɗa su. Magina na farko sukan fita ne a ƙafa ko a kan keke, riƙe da na'urar GPS da littafin rubutu, su bi titi ɗaya bayan ɗaya, su dawo gida su zana abin da suka gani. A 2006 aka kafa gidauniyar da ke kula da aikin, kuma a ƙarshen shekarar kamfanin Yahoo ya yarda a riƙa zane daga hotunansa da aka ɗauka daga sama.

Duk da haka tafiyar tana da nawa. Saboda haka tunani ya karkata ga bayanan da hukumomi da kamfanoni suka riga suka tara, a ɗebo su a zuba cikin taswirar a dunƙule. A 2007 kamfanin AND ya ba da kyautar hanyoyin ƙasar Holan baki ɗaya. A ƙarshen wannan shekara kuma aka soma aikin da ya fi kowane girma, wato zuba bayanan TIGER na Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Amurka, waɗanda doka ta mayar mallakar kowa. An bi ƙasar gunduma-gunduma, aka kammala a watan Janairun 2008. Cikin ƴan watanni Amurka, wadda da kusan fili ce fetal a taswirar, ta cika maƙil da tituna.

Sai dai sauri ya haifi nawa. An tsara TIGER ne domin malaman ƙidaya su gane unguwanni da iyakokinsu, ba domin direba ya kama hanya da shi ba. Tituna da dama sun kauce daga mazauninsu na gaskiya, wasu ma babu su a ƙasa sam. Hanyoyin gona da na daji an sa musu alama iri ɗaya da titunan cikin unguwa. A kan iyakar gundumomi hanya guda takan rabu biyu ba tare da mahaɗa ba, har manhajar nuna hanya ta ɗauka titin ya mutu a nan. An liƙa wa hanyoyin da aka zubo alamar tiger:reviewed=no, ma'ana babu idon mutum da ya tantance su, kuma ƴan sa-kai sun kwashe shekaru suna bi suna gyarawa. Akwai kuma asarar da ba a gani a fuskar taswira: baƙon da ya buɗe garinsu ya tarar da shi kamar an gama zana shi, ba ya jin akwai aikin da ke jiransa. Wannan ne ya sa da yawa daga cikin magina suke ganin zubin ya rage wa Amurka sababbin hannuwa, sabanin Jamus inda mutanen gari suka gina mafi yawan taswirarsu da kansu.

Daga irin wannan darasi aka tsaurara ƙa'idoji. Mai son zuba bayanai dole ya rubuta tsarinsa, ya tabbatar lasisin bayanan bai ci karo da na taswirar ba, ya nemi yardar maginan yankin, sannan ya yi aikin da asusu na musamman domin a iya warware shi idan ya ɓaci. Muhimmancin lasisi ya fito fili a 2012, lokacin da aka koma lasisin ODbL. Duk bayanin da mai shi bai amince da sauyin ba an cire shi, kuma Ostareliya da Polan suna cikin ƙasashen da suka fi jin jiki.

Ɗaya rabin tarihin shi ne na alamomi. Layi ko ɗigo a taswira ba ya nufin komai sai an laƙaba masa kalmomi biyu: ta farko tana faɗin jinsin abin, ta biyu tana fayyace nau'insa. Misali, amenity=school makaranta ce, surface=unpaved kuwa hanya ce marar kwalta. Babu hukumar da ke yanke waɗannan kalmomi. Kowa na iya ƙirƙiro tasa, amma wadda jama'a suka yawaita amfani da ita ita ke zama doka, kamar dai yadda kalma ke samun gindin zama a harshe. Da yake a Birtaniya aka faro, rabe-raben hanyoyi sun bi tsarin can, kuma bai dace da ko'ina ba. Lokacin da ayyukan agaji suka jawo dubban magina zuwa wasu sassan duniya, bayan girgizar ƙasar Haiti ta 12 ga Janairun 2010 da annobar Ebola ta 2014 a Afirka ta Yamma, sai matsalar ta ƙara bayyana: wanda ke zaune a Turai yakan ga hanya ja a hoto ya ɗauka burtali ce, alhali ita ce ke haɗa manyan garuruwa biyu. Shi ya sa aka tsara jagora na musamman ga hanyoyin Afirka, wanda ke auna hanya da amfaninta ga jama'a, batun kwalta kuma a ba shi alamarsa daban.

A nan ne ɗalibin Hausa ke da rabo. Tsarin ya tanadi alamar name:ha domin sunan wuri da Hausa, kusa da sunan da hukuma ta sani. Ta haka Zinder za ta iya fitowa da sunanta Damagaram, Niamey kuma Yamai, ƙananan garuruwa su samu ƙ da ɗ da ɓ ɗinsu waɗanda rubutun Turawan mulki ya zubar. Hoton tauraron ɗan'adam na iya nuna rijiya, amma ba zai faɗi sunanta ba, ko ta ƙafe ko tana da ruwa. Wannan sani yana bakin masu ɗiban ruwanta, domin da ɗan gari akan ci gari.