Ƙarin mataki a wasan Dungeons & Dragons

Ƙarin mataki, wanda ake taƙaitawa da LA, doka ce a bugu na 3 da na 3.5 na wasan Dungeons & Dragons, da ke bayyana yadda ake lissafa matakin gwarzo idan ɗan wasa ya zaɓi jinsin dodo maimakon ɗan Adam. Manufarta ita ce a daidaita ƙarfi tsakanin masu wasa, don kada wanda ya ɗauki ƙaton dodo ya danne abokansa.

Asali

Gary Gygax da Dave Arneson ne suka ƙirƙiro wasan a Amurka, kamfanin TSR ya buga shi a shekarar 1974. Ana zama ne a kewaye tebur, kowa da gwarzonsa a rubuce a takarda, jagoran wasa yana ba da labari, ana jefa dayis don a san sakamakon kowane yunƙuri. Gwarzo yana da jinsi, yana kuma da sana'a, kamar mayaƙi ko matsafi, yana hawa mataki idan ya tara makin ƙwarewa.

A bugun farko-farko, ana taka wa jinsunan da ba 'yan Adam ba birki ne ta hanyar ƙayyade matakin da ba za su wuce ba. Bayan kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, ya fitar da bugu na 3 a 2000 da na 3.5 a 2003, inda aka cire wannan iyaka, aka koma cajin jinsi mai ƙarfi tun daga farko.

Yadda ake lissafi

Ana haɗa abubuwa uku: matakan sana'a, dayis ɗin rai na jinsi, wato adadin dayis da ake jefawa don sanin dukan da dodo zai iya jurewa, sai ƙarin mataki. Jimillarsu ita ce cikakken mataki, ko ECL.

Jinsin drow, wato mutanen ƙarƙashin ƙasa masu gani a duhu da jure tsafi, yana da ƙarin mataki 2. Saboda haka drow mai mataki 1 a sana'arsa daidai yake da ɗan Adam mai mataki 3, kuma sai makinsa ya kai 6,000 zai hau gaba, alhali ɗan Adam mai mataki 1 maki 1,000 kawai yake buƙata. Ƙaton dodon da ake kira ogre yana da dayis ɗin rai 4 da ƙarin mataki 2, don haka da mataki 1 na sana'a ya zama 7. Dodon da dayis ɗinsa bai wuce 1 ba yana musanya shi ne da matakin sana'a.

Cikakken mataki ya bambanta da ma'aunin haɗari, wanda jagora ke amfani da shi wajen auna dodo a matsayin abokin gaba na faɗa guda.

Matsaloli

Ƙarin mataki ba ya kawo makin rai, ko ƙwarewa, ko sabon tsafi. Matsafin drow mai mataki 1 yana shiga faɗa da dayis ɗin rai guda, abokansa suna da uku, don haka duka ɗaya na iya kashe shi. Tsafin dunƙulen wuta da matsafi ke samu a mataki 5, shi sai abokansa sun kai 7 yake samu. Haka kuma baiwar jinsi tana raguwa da daraja idan aka yi nisa, amma cajin yana nan.

Littafin Savage Species na 2003 ya rarraba ƙarfin dodo zuwa matakai, ta yadda za a fara da shi daga mataki 1. Unearthed Arcana na 2004 kuma ya ba da damar biyan makin ƙwarewa don rage ƙarin matakin.

Bayan 2008

Bugu na 4 na 2008 ya yi watsi da dokar, na 5 na 2014 ma bai dawo da ita ba. Yanzu ana rage ƙarfin jinsin ne ya zo daidai da sauran, kamar yadda Volo's Guide to Monsters na 2016 ya yi wa goblin, orc da kobold.